Shin Ko Kun San? Yadda Zaitun Ke Tsare Gishiri a Saiwa, da Abin da Manoman Ranin Bauchi Za Su Ɗauka

Man zaitun ba baƙo ba ne a garin Bauchi. Yana kan kantar masu sayar da magungunan Musulunci, yana cikin tsarabar alhazai, sunansa kuma yana bakin duk yaron da ya kai Suratut Tin a makarantar allo. Bishiyar ce dai kaɗan daga cikinmu suka taɓa gani. Filinmu na yau ya kutsa cikin saiwarta da ganyenta, domin a ga yadda take rayuwa a ƙasar da gishiri ya hana wasu shuke-shuke sakat.

GISHIRI DA SHUKA

Shin ko kun san shuka na iya mutuwa da ƙishirwa alhali saiwarta na cikin ruwa? Ɗabi'ar ruwa ce ya bi inda gishiri ya fi yawa. Ku yanka tumatir ku barbaɗa masa gishiri, kafin minti kaɗan za ku ga ruwa ya tsattsafo a jikinsa. Idan gishirin ƙasa ya yi yawa, saiwa takan kasa janyo ruwa, in abin ya tsananta ma nata ruwan ne zai fita. Shi ya sa mai lambu kan yi ban ruwa da safe, da rana ya tarar da shukarsa ta yi yaushi.

Shin ko kun san duka biyu gishiri ke yi wa shuka? Na farko wannan ƙishirwar ce, kuma cikin sa'o'i take somawa: sabon ganye ya daina faɗaɗa, tsiro ya tsaya. Na biyu a hankali yake zuwa, cikin kwanaki ko makonni, lokacin da sinadaran gishirin guda biyu, sodiyam da kuloraid, suka taru a tsofaffin ganyaye har suka zama dafi. A nan ne bakin ganye ke ƙonewa kamar an bi shi da wuta.

Shin ko kun san kamanni ne ke ba sodiyam damar shiga? Ya yi kama da fotasiyam, sinadarin nan da harafin K ke nufi a jikin buhun takin NPK. Ayyuka sama da 50 na cikin ƙwayar halittar shuka ba sa tafiya sai da fotasiyam. Sodiyam kan bi wasu ƙofofin saiwa da ba sa tantancewa sosai, ya tare gurbin fotasiyam, amma ba ya iya yin aikinsa.

Shin ko kun san ruwa mai daɗin sha ma yana ɗauke da gishiri? A ce lita guda tana da rabin giram kacal. Hekta ɗaya da ta sha ruwa mai zurfin mita ɗaya a kakar noman rani ta sha lita miliyan 10 ke nan. In aka lissafa, gishirin da ya shiga gonar ya kai tan 5, wato buhu 100 masu kilo 50. Rana ta kwashe ruwan, shuka ta sha nata, gishiri kuwa yana nan inda aka bar shi sai an samu abin da ya wanke shi.

Shin ko kun san girman matsalar a duniya? Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ce kusan hekta biliyan 1.4 ne gishiri ya shafa, sama da kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa.

Shin ko kun san tsohuwar cuta ce? A 1958 wasu masana tarihi biyu, Thorkild Jacobsen da Robert Adams, suka yi nazarin rubuce-rubucen mutanen Sumer na kudancin Iraƙi, na shekara kusan 4,000 da suka wuce. Suka ga alkama na ja da baya a gonakin ban ruwa, sha'ir na maye gurbinta, suka danganta hakan da taruwar gishiri, domin sha'ir ya fi alkama jurewa.

CIKIN JIKIN ZAITUN

Shin ko kun san zaitun ba ya da hanyar tofar da gishiri? Wasu itatuwan bakin teku, irin na yankin Neja Dalta, suna da ƙananan kafofi a ganye da ke fitar da gishiri waje har ya daskare fari. Zaitun bai samu wannan baiwa ba. Dabararsa irin ta gidan Bahaushe ce: baƙo iyakarsa zaure, ba ya ƙarasawa cikin gida. Saiwa ita ce zauren. A nan ake tsayar da mafi yawan sodiyam da kuloraid, ganye kuwa, inda ake haɗa abinci, a bar shi cikin aminci.

Shin ko kun san akwai wata ɗamara a cikin kowace saiwa? Wani Bajamushe mai suna Robert Caspary ne ya bayyana ta a 1865. Siririn zobe ne da ruwa ba ya ratsawa, wanda ya kewaye tsakiyar saiwa. Duk abin da zai kai ga jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa zuwa sama dole ya bi ta cikin ƙwayoyin halitta masu rai, inda za a tantance shi. Idan gishiri ya yawaita, shuke-shuke da dama kan ƙara shafe wannan bango da wani abu mai kama da kakin zuma.

Shin ko kun san saiwa na sanar da sauran jiki cikin daƙiƙoƙi? Da gishiri ya taɓa ta, sai kalsiyam ya yi tsalle a cikin ƙwayoyinta. A 2014 masana a jami'ar Wiskonsin ta Amurka suka ga wannan saƙo yana ratsa jikin wata 'yar ƙaramar ciyawa da ake gwaji da ita, Arabidopsis, da gudun kusan rabin milimita a daƙiƙa guda.

Shin ko kun san furotin uku ne ke amsa wannan kira? Ɗakin binciken Jian-Kang Zhu a jami'ar Arizona ne ya gano su a ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000. SOS3 ne ke jin hawan kalsiyam, sai ya tayar da SOS2, shi kuma ya kunna SOS1 da ke zaune a fatar ƙwayar halitta. Aikin SOS1 shi ne tura sodiyam waje. An fara ganinsu a waccan ciyawar, daga baya aka samu danginsu a shinkafa da alkama da tumatir, har da zaitun.

Shin ko kun san wanda ya kuɓuce ma ana bin sa a dawo da shi? Akwai wani furotin, HKT1, a ƙwayoyin da ke gefen jijiyoyin ruwa. Sodiyam ɗin da ya riga ya faɗa cikin ruwan da ke hawa sama, shi ne ke tsamo shi ya ajiye a saiwa ko a gindin kara kafin ya isa ganye.

Shin ko kun san ƙwayar shuka na da ma'ajiyar kanta? A tsakiyarta akwai wata babbar jakar ruwa. Furotin ɗin da ake kira NHX na taimakawa wajen killace sodiyam a cikinta da daidaita fotasiyam. A 2001 Eduardo Blumwald da abokin aikinsa suka ƙarfafa wannan furotin a jikin tumatir, ya yi fure ya yi 'ya'ya a ruwa mai gishiri kusan giram 12 a lita, kimanin sulusin na teku. Gishirin ya taru a ganye, 'ya'yan kuwa kaɗan suka ɗauka.

Shin ko kun san zaitun na kare kansa da wani irin sukari? Sunansa manitol, kuma ganyen zaitun na da shi da yawa. Idan ƙasa ta yi gishiri, tara irin waɗannan sinadarai a cikin ƙwaya na sa ta ci gaba da riƙe ruwanta, tana kuma janyo na waje. Manitol na taimakawa wajen kashe wasu gurɓatattun sinadarai da wahala ke haifarwa a ganye, waɗanda in an bar su sukan yayyaga fatar ƙwaya.

Shin ko kun san dalilin da ya sa bayan ganyen zaitun ke ƙyalli kamar azurfa? Ku juya shi ku duba da gilashin ƙara girma: lulluɓe yake da wasu ƙananan ɓawo masu siffar lema, sun hau kan juna. A ƙarƙashinsu ƙofofin numfashin ganye suke, kuma a bayan ganye kaɗai ake samunsu. Idan saiwa ta ji ƙarancin ruwa, wani sinadarin saƙo mai suna ABA kan sa a tsuke ƙofofin. Ruwan da ke fita ya ragu, wanda ake ja daga ƙasa ya ragu, gishirin da ke biyo shi ma ya ragu.

Shin ko kun san ba a banza ake samun wannan juriya ba? Kowane turi da SOS1 ya yi ƙarfi yake ci, ƙarfin da a da zai tafi ga tsiro. Tsuke ƙofofin ganye kuma na rage abincin da bishiya ke haɗawa. Saboda haka zaitun da ke kan gishiri gajerun rassa yake yi da ƙananan 'ya'ya. In gishirin ya fi ƙarfin saiwa, sai ya kai shi tsofaffin ganyaye ya kakkaɓe su. A sahun masu matsakaicin juriya masana suka sa shi, ba a sahun gaba ba.

Shin ko kun san ƙwayoyin gadon zaitun sun ninka na ɗan Adam? A 2016 masana a ƙasar Sifen suka karanta kundin gadon wata bishiya irin Farga da ta haura shekara 1,000. Suka samu haruffa kusan biliyan 1.4 da ƙwayoyin gado fiye da 56,000. Na mutum masu haɗa furotin kusan 20,000 ne. Mu in wuri ya ɓaci sai mu tashi. Bishiya kuwa a inda ta tsira za ta fuskanci fari da sanyi da gishiri. Ikon Allah ke nan.

Shin ko kun san zaitun suna suka tara? A Italiya, gwaje-gwaje tun shekarun 1990 sun nuna irin Frantoio ya fi irin Leccino hana sodiyam hawa ganye. A Girka, wani bincike na 2012 ya kwatanta Kalamon mai juriya da Chondrolia Chalkidikis mai rauni, aka ga ƙwayoyin gado masu yawa na kunnuwa ko mutuwa, kuma tsarin ya bambanta tsakanin irin biyun. Wato juriya ba aikin ƙwayar gado ɗaya ba ce, shi ya sa abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ba kullum yake yin kyau a gona ba.

Shin ko kun san aure na iya ceton bishiya? Tunda a saiwa ake yin tsaron, ana iya ɗaukar gindin iri mai juriya a ɗaura masa reshen iri mai yawan 'ya'ya. Duk wanda ya san mangwaro mai aure ya san aikin. Masu lemo a ƙasashe da dama sun daɗe suna zaɓen gindi bisa yadda yake hana kuloraid wucewa, kuma masana zaitun na bin wannan sawu.

Shin ko kun san a yankin Sfax na Tunisiya bishiya 17 kawai ake dasawa a hekta? Ruwan saman wurin kimanin milimita 200 ne a shekara, don haka ake barin mita 24 tsakanin bishiya da bishiya, kowace saiwa ta samu filin neman ruwa. Irin Chemlali suka fi shukawa, kuma cibiyar binciken zaitun da ke birnin ta daɗe tana gwada shayar da shi ruwan zartsi.

KUSA DA GIDA

Shin ko kun san akwai zaitun na daji a Jamhuriyar Nijar? A kan duwatsun Azbin, arewa da Agadas, musamman Bagzan da Tamgak, akwai wani ɗan'uwan zaitun da masana ke kira zaitun Laperrine. Ana samunsa kuma a duwatsun Hoggar na Aljeriya da Jabal Marra na Sudan. Saura ne daga zamanin da Sahara ke da danshi. A Azbin da wuya ya yi iri, ta tohon gindi yake sabunta kansa, ga kuma awaki da raƙuma na cin ganyensa. Da jure fari aka san shi, kuma tunda dukan farko na gishiri ƙishirwa ce, dukiya ce da bai kamata a bari ta salwanta ba.

Shin ko kun san atili ba ɗan gidan zaitun ba ne? 'Ya'yansa sun yi kama da na zaitun, ana kuma matsar mai daga jikinsu, har wasu a Filato da kudancin jihar Bauchi na kwatanta su. Amma a wurin masana tsirrai, dangin atili su ne hano da dashi, itatuwan nan masu ƙaro mai ƙamshi.

Shin ko kun san ba gishiri ne babban abin da zai hana zaitun 'ya'ya a Bauchi ba? Sanyi ne. Bishiyar na buƙatar makonni na sanyi mai ɗorewa kafin idanunta su juya su zama fure. Hunturunmu na kawo sanyi da dare da asuba, amma rana na yi sai zafi ya dawo. A ƙasashe masu zafi zaitun kan yi ganye shar amma ya yi rowar 'ya'ya. Duk wanda aka tallata wa dashe, ya nemi a nuna masa inda irin ya taɓa yin 'ya'ya a yanayi irin namu kafin ya zuba kuɗinsa.

Shin ko kun san kayan miyanmu ne suka fi kowa rauni? Ana auna gishirin ƙasa ta yadda ruwanta ke ɗaukar lantarki, kuma in ma'aunin ya kai 4 sai a ce ƙasar mai gishiri ce. A jadawalin da masana biyu, Maas da Hoffman, suka fara fitarwa a 1977, karas na soma raguwa daga 1.0, albasa 1.2, tattasai 1.5, masara 1.7, tumatir 2.5, shinkafa 3.0. Alkama kuwa sai 6.0, dawa 6.8, auduga 7.7, sha'ir 8.0. Wato kayan gwarin da ke cika kasuwar Muda Lawal da rani na iya yin asara tun kafin a ga farin komai a kan ƙasa.

Shin ko kun san muna da namu gwanayen? Dabino na cikin itatuwan marmari mafiya jure gishiri a duniya, kuma akwai tashar bincike a kansa a Dutse ta jihar Jigawa. Itacen asuwakin da alhazai ke kawowa yana tsirowa a ƙasa mai zartsi a kewayen Tafkin Chadi, har mutanen yankin kan ƙona shi su tace tokarsa su samu gishiri.

Shin ko kun san ɓarnar kanwa daban take da ta gishirin miya? Dukansu suna da sodiyam, amma na kanwa yakan wargaza yumɓun ƙasa ya toshe kafofinta. Sai ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, in ta bushe ta yi tauri. Maganinta kalsiyam ne, wanda ke ture sodiyam daga jikin yumɓu, sannan a wanke da ruwa. Jifsam, dutsen nan da ake haɗa siminti da shi, shi aka fi amfani da shi, kuma ana haƙo shi a Fika ta jihar Yobe da Nafada ta jihar Gombe. Kalsiyam ɗin nan dai shi ne ke ƙarfafa fatar saiwa, ya kuma ɗauki saƙon da ke tayar da SOS3.

Shin ko kun san damina rahama ce ta fuska biyu? Birnin Bauchi na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma shi ke wanke gishirin da noman rani ya tara, matuƙar ruwan na da hanyar wucewa. Inda ƙasa ke riƙe ruwa, ko inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso sama, wankin ba ya yiwuwa. In aka nausa arewa, wajen Katagum da Gamawa da Zaki, ruwan sama na raguwa, zafin rana na ƙaruwa. A aikin ban ruwa na Kadawa a Kano, da ke shan ruwan madatsar Tiga, masana sun daɗe suna ba da rahoton kwanciyar ruwa da taruwar gishiri a wasu sassa.

Shin ko kun san wannan ilimi ya riga ya isa gona? A 2012 Rana Munns da abokan aikinta a Ostireliya suka ɗauko wata ƙwayar gado ta dangin HKT daga tsohuwar alkama, ta hanyar barbara irin ta gargajiya, suka sa a alkamar taliya. A gona mai gishiri amfaninta ya ƙaru da kashi 25 cikin 100. A shinkafa ma, an ɗauko juriya daga irin Pokkali na Kerala a Indiya aka sa wa iri na zamani. Duka biyun dabarar zaitun ce: a hana sodiyam kaiwa ganye.

Shin ko kun san gona na nuna alama tun da wuri? Ku duba kan kunya da gefen fangali a watan Maris, bayan ƙasa ta sha iska. Farin gari-gari a saman kunya, inda ruwa ke ƙafewa, shi ne na farko. Sai tsiro mai giɓi-giɓi, nan ya fito can bai fito ba. Sai bakin ganyen albasa ya bushe tun ba ta yi kai ba. Wanda ya ga haka kada ya ƙara takin zamani da zaton yunwa ce, domin shi ma takin gishiri ne a wurin saiwa.

Shin ko kun san yawancin maganin ba ya buƙatar ɗakin gwaji? A yashe magudanar ruwa ta yadda abin da ya wanke ƙasa zai fita daga gona. Lokaci-lokaci a yi ban ruwa mai nauyi da zai tura gishiri ƙasa da saiwa, maimakon yayyafi kullum. A rufe ƙasa da kara ko ɓuntun shinkafa don rage ƙafewa. A yawaita takin gargajiya. A dasa a gefen kunya, ba a ƙololuwarta ba. Sabuwar rijiyar burtsatse kuma a nemi malamin gona ya auna ruwanta kafin a sa albasa. Na'urar awon ba ta fi girman alƙalami ba.

Sauran aikin na masana ne. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na da tsangayar aikin gona, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da iri, kuma karanta kundin gadon shuka ya yi araha ƙwarai in aka kwatanta da shekara 20 da suka wuce. Turawa sun bi zaitunsu iri-iri har sun san wanne ke tsare gishiri, sun kuma san dalili. Gero da dawa da aduwa da goruba da dabinonmu sun cancanci irin wannan bibiya. Noman rani na faɗaɗa a jihar Bauchi kowace shekara, kuma tun ran gini ran zane: a fara auna ruwa da ƙasa yanzu, a tattara irin da manoma suka shaida yana jure zartsi, a gwada shi a nan gida.